Jirgin da Edward Ya Ƙi Tayarwa

Edward Dimlong mai wayarin ɗin mota ne. Rumfarsa tana bayan layin masu sayar da kayan gyara a Gwarinpa, gidansa kuwa ɗaki biyu ne a Dutse Alhaji, cikin wani lungu da mota ba ta shiga sai babur. Mutum ne gajere, kakkaura, marar yawan magana. Idan ya sunkuya cikin mota ko gaisuwa ba ya amsawa sai ya ɗago, shi ya sa baƙi ke ɗaukarsa mai girman kai kafin su saba da shi.

A wani ƙauye kusa da Pankshin aka haife shi, cikin duwatsu, inda babban ruwan da yaro ke sani shi ne rafin da ke ƙafewa bayan Kirsimeti. Mahaifinsa manomin acca ne, mai karanta Littafi a coci ran Lahadi. Da Edward ya gama firamare aka tura shi Jos wurin wani ɗan garinsu ya koyi sana'a. A can ya koyi bin waya tun daga batir har fitilar baya, a can ya buɗe shagon kansa, a can kuma ya auri Lucia suka haifi 'yarsu Promise. Rikicin da ya ci unguwanni a Jos ya haɗa da shagon. Bai taɓa faɗa wa kowa su wa suka cinna wutar ba, ko da yake ya gan su. Ya tattara abin da ya saura na kayan aiki a buhu ya taho Abuja. Lucia ta biyo shi bayan damina, ta kafa kaskon ƙosai a bakin titin Bwari.

Haɗuwarsa da Alhaji Umar Farouk a bakin aiki ce. Alhaji darakta ne a wata ma'aikatar tarayya, mazaunin Maitama. Wata rana motarsa ta mutu a Gwarinpa ana tsaka da ruwan sama, aka nuna wa direba rumfar Edward. Ya fito da buhun siminti a ka, ya bi wayoyin har ya gano wadda ta saki. Tun daga ranar, duk wayar da ta yi gardama a gidan Alhaji, ta mota ko ta janareta, Edward ake kira.

Alhaji yana da wata ɗabi'a. Idan Edward na aiki a gidan, sai ya sa a kawo masa kujerar roba ya zauna kusa, ya yi ta hira ko ba a amsa masa. Injiniya yake kiransa. Yawancin hirar a kan Yawuri ce, garinsu. Mahaifinsa mai fito ne a kogin Kwara, a kan wani tsibiri aka haifi Alhajin, da kwalekwale ya yi makarantar firamare, littattafansa a ɗaure a ka. Gab da zai yi ritaya ya sayi wani ƙaramin jirgin ruwa mai gudu, kwancen ƙasar waje, fari mai shuɗin layi, injinsa na fetur a cikin cikinsa. Ya sa aka rubuta sunan mahaifiyarsa a gefe. Ya kai shi tafkin Jabi 'yan lokuta, sai injin ya fara ciwo. Aka dawo da jirgin gida a kan tirela, aka lulluɓe shi da tamfol a gefen motoci, ana cewa sai an samu sarari. Kafin sararin ya samu, shi kansa Alhajin ya kwanta.

Wannan jirgin ne ya haɗa Edward da Saleh, matuƙin da Alhaji ke ɗauka idan zai shiga ruwa. Saleh Banufe ne, ya tashi a jiragen Lokoja kafin ya dawo Jabi yana yawo da masu shaƙatawa. Hannunsa na hagu a ƙone yake har kafaɗa, kunnen ɓangaren ya naɗe. Ba ya ɓoye shi, ba ya kuma jiran a tambaye shi. Ranar farko da Edward ya je gyara fitilun jirgin a bakin tafki, Saleh ya nuna masa hannun ya ce, "Aikin ɗan'uwanka ne wannan, mai wayarin ɗin mota."

Saleh ya ba shi labari. Wani jirgi ne a Lokoja aka sa wa famfon man mota, aka haɗa shi kai tsaye da makulli. Inji ya mutu a tsakiyar ruwa, makulli yana buɗe, famfo ya ci gaba da tura fetur ta wani tiyo da ya tsage, babu wanda ya sani. Da aka murɗa makulli don a sake tayarwa, abin da Saleh ya tuna na ƙarshe shi ne haske. Mutum biyu ba su fita ba.

"Mota tana da ƙasa a ƙarƙashinta," in ji shi. "In mai ya zuba, ƙasa ta sha, iska ta kwashe warin. Jirgi ƙwarya ce. Abin da ya zuba a ciki yana nan yana jiranka. Tururin fetur kuma ya fi iska nauyi, kwanciya yake yi a gindi."

Maganar ta zauna wa Edward. Daga baya, duk jirgin ƙasar waje da aka kira shi ya duba a tafkin, sai ya ɓata lokaci yana bin wayoyinsa, yana lura da yadda masu ƙera shi suka yi, yana tambayar Saleh dalili. A haka ya zama ɗaya daga cikin 'yan kaɗan da masu jirage ke yarda su taɓa musu waya, shi da ko iyo bai iya ba. Shi da Saleh suka zama aminai. In Saleh ya shiga salla, Edward ke tsare masa jirgi.

Shekaru sun shuɗe jirgin Alhaji na ƙarƙashin tamfol. Wata safiya da damina Hajiya Rahmatu, matar Alhaji, ta kira Edward a waya. Malamar jami'a ce da ta yi ritaya, mace mai magana a taƙaice. Ta ce sun dawo daga asibitin waje, likitoci sun ce a kawo shi gida. Ta ce abu ɗaya Alhaji yake ta nanatawa: yana so ya shiga jirginsa.

Edward ya rufe rumfa ya ɗauko Saleh suka tafi. Sun tarar da Alhaji a keken marasa lafiya a baranda, wata mai jinya na tsaye a bayansa, ya rame har hular kansa ta yi masa yawa. Amma idonsa na nan yadda yake.

"Injiniya, ka ga abin da ya rage," ya ce. "Ba na son komai sai in ji ruwa a ƙarƙashina, in riƙe sitiyari da hannuna. Za ka iya?"

"Da yardar Allah, Oga."

Suka yaye tamfol. Ɓeraye sun yi gida a ƙarƙashin kujeru, sun ci wayoyi. Tsohon man da ke tanki ya koma kamar ƙaro. Saleh ya ɗauki aikin inji, ya wanke tanki da kafireta, ya juye baƙin mai, ya sauya tiyo. Edward ya cire duk wayar da haƙori ya taɓa. Komai ya tafi daidai har suka kai kan famfon mai. Tsohon famfon, wanda injin ke motsawa da kansa, robar cikinsa ta yage, kuma irinsa ya ɓace a kasuwa. Babu mafita sai a sa na lantarki.

Famfon lantarki ba abin wahala ba ne a Abuja. Na mota yana nan birjik, a layin da ke gaban rumfar Edward ma za a samu kafin azahar. Amma na jirgi daban yake. A rufe yake ruf, yadda ko tartsatsi ya tashi a cikinsa ba zai fito ya sadu da tururin mai ba. Irin wannan sai Legas. Edward ya kira wani mai sayar da kayan jirage a can, mutumin ya ce ya ƙare amma kaya na hanya, a ba shi mako guda.

Kafin famfon ya zo, Edward ya shimfiɗa wayarin ɗin. Alhaji ya sa a riƙa turo kekensa har gindin tirela, a inuwar bishiyar mangwaro, yana kallo.

Aiki ne da Edward ya yi a tsanake. Ya ɗauko wuta daga batir, ya sa fiyus dab da kan batir ɗin, don in waya ta goge ta taɓa ƙarfe, fiyus ya yanke kafin ta yi zafi. Daga nan wutar ta bi ta rile, wato makunnin da ke sakar wa famfo wuta in an ba shi umarni, shi ma irin rufaffen, ya kafa shi sama, nesa da gindin jirgi. Abin da zai ba rile umarni kuwa ba makulli ba ne shi kaɗai. Ya ɗaura wani ɗan makunni a jikin inji, a hanyar da baƙin mai ke bi. In inji na juyawa, baƙin mai na da ƙarfi, makunnin ya haɗa, famfo ya samu wuta. Inji na mutuwa ƙarfin zai faɗi, famfo ya tsaya nan take, ko da makulli a buɗe yake. Ya jawo wata siririyar waya daga kik, wato na'urar da ke tayar da inji, zuwa makunnin, domin famfo ya yi aiki a ɗan lokacin da ake murɗa makulli kafin inji ya kama. Wayar at kuma, wadda wuta ke komawa ta cikinta, bai manna ta a jikin jirgi ba kamar yadda ake yi wa mota, don jikin na faiba ne, ba ya ɗaukar wuta. Ya mayar da ita har jikin inji. Babu inda ya murɗe waya biyu ya naɗe da salatif. Kowane kai sai da ya matse shi da filaya, ya rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi, shi ma a waje yake gasa ta, ba a cikin jirgin ba. Ya ɗaure wayoyin sama, inda ruwan gindi ba zai kai ba. Ya gyara fankar da ke zuƙe iskar ɗakin inji kafin a tayar.

Alhaji ya ce, "Duk wannan don ɗan famfo guda?"

"Famfon ba shi da hankali, Oga. In an ba shi wuta turawa kawai zai yi. Dole a samu wanda zai ce masa ya isa."

Alhaji ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Mako ya cika, famfo bai zo ba. Mai kayan ya ce kwantena ta maƙale a tasha. Saleh ya kawo shawara a ɗauki jirgin haya a Jabi, shi zai tuƙa, ko gobe. Alhaji ya girgiza kai. Ya ce jiragen haya na 'yan yawon buɗe ido ne, da kiɗa da hoto. Shi nasa yake so, mai sunan tsohuwarsa. Zai jira.

Da aka ƙara kwanaki sai ga saƙo ya iso ta motar Legas. Gidan ya ɗauki murna. Hajiya ta sa aka fito da farar rigar Alhaji aka goge. Kwalin yana da hoton jirgi a jiki. Edward ya buɗe shi a kan bayan mota, ya juya famfon a hannunsa, ya sake juyawa. Babu alamar da ake bugawa a jikin na jirgi. Ya duba inda wayoyi ke shiga, ya ga irin wanda ya saba sa wa tsofaffin motoci ne, an dai sauya masa kwali. Ya miƙa wa Saleh. Saleh ya duba, ya mayar masa, ya kau da kai.

Babu wanda zai gane a gidan in ba su biyu ba. Famfon zai yi aiki, jirgin zai tashi, kuma mai yiwuwa a je a dawo lafiya. Edward ya daɗe a tsaye da abin a hannu. Sannan ya taka zuwa gindin mangwaro ya durƙusa a gefen keken.

"Oga, ba shi ba ne. Na mota suka aiko."

"Zai tura mai?"

"Zai tura."

"To, sa shi."

"Ba zan iya ba, Oga."

Alhaji ya dube shi. Muryarsa ta yi ƙasa sosai, sai Edward ya matso kafin ya ji. "Injiniya, ni da ƙafata ɗaya ke kabari, wuta za ka tsorata ni da ita? Kai kake da gobe. Ni ban da ita."

"Ba kai kaɗai za ka shiga ba. Hajiya za ta shiga. Mai jinya za ta shiga. Saleh ne zai zauna a kan injin."

"Duk wayoyin da ka yi ta ɗaurawa fa? Ba ka ce in inji ya mutu famfo zai tsaya ba?"

"Zai tsaya. Amma wannan, yana cikin aikinsa ma zai iya yin tartsatsi. Jirgin ya daɗe a ajiye. In akwai inda mai ke tsattsafowa da ba mu gani ba, shi ke nan."

"In akwai."

"I, Oga. In akwai."

Alhaji ya rufe ido. Can ya ce, "Shekara nawa muna tare, ban taɓa roƙonka komai ba." Ya ɗaga yatsa, mai jinya ta juya keken ta shige da shi. Hajiya tana tsaye a baranda, ta ji komai. Ta bi bayansu.

Da yamma Edward ya koma Dutse Alhaji, ya zauna a kan benci kusa da kaskon Lucia, bai taɓa ƙosan da ta zuba masa ba. Ya faɗa mata abin da ya faru. Lucia ta ci gaba da juya ƙosai na ɗan lokaci kafin ta yi magana.

"Baban Promise, mutum mai mutuwa ne ya roƙe ka. Sau ɗaya ne fa kawai. Ka sa, su je su dawo, ka cire."

"Wanda ya ƙone Saleh ma sau ɗaya ne."

"Na sani. Amma in ya tafi bai shiga ba, kai za ka ɗauki wannan."

"Zan ɗauka."

"Da baki kake faɗa," ta ce. Ba faɗa take yi ba. Ta rage wuta, ta zauna kusa da shi, suna kallon motocin Bwari.

Washegari ya fara neman famfon ta wata hanya. Ya kira Fatakwal, ya kira Warri, ya bi duk masu jiragen da ya sani a Jabi ko wani zai ara masa nasa. Mafi yawansu injin rataye suke amfani da shi, na sauran kuma bai dace ba. A ƙarshe wani a Fatakwal ya ce yana da shi, ya turo hoto, Edward ya ga alamar da idonsa. Aka sa a mota. Ya je Maitama ya kai labari, amma Alhaji bai fito gindin mangwaro ba. Hajiya ta ce ya amince yanzu a ɗauki na haya. Saleh ya shirya jirgi ran Asabar. Ran Juma'a numfashin Alhaji ya sauya, likita ya ce kada a motsa shi ko zuwa falo.

Ya rasu da hantsi, farkon mako. Famfon ya iso tashar mota bayan an yi sadakar uku.

Edward ya je gaisuwa. Ya zauna a can ƙarshen rumfa, bayan direbobi da masu gadi, yana sauraron addu'o'in da bai san ma'anarsu ba. Babu wanda ya ce masa komai. Jirgin yana nan a gefe, wani ya mayar masa da tamfol. Ya karɓo famfon daga tasha ya ajiye a kan kabad a ɗakinsa, cikin kwalinsa, bai buɗe ba.

Watannin da suka biyo baya sun yi masa nauyi. Yana zuwa rumfa, yana aiki, amma ya ƙara shiru a kan shirunsa. Lucia ta lura ya daina rera waƙa a coci, bakinsa kawai ke motsi. Sau ɗaya ya tambayi Saleh, suna zaune a bakin tafki, ko shi da zai sa famfon motar nan. Saleh ya shafa ƙonannen hannunsa ya ce, "Da ka sa, da na tuƙa, saboda Alhaji ne. Amma da ban ƙara yarda ka taɓa min jirgi ba." Wannan bai sanyaya wa Edward rai ba, bai kuma ƙara masa ciwo ba.

Bayan Hajiya Rahmatu ta fita takaba ta aika a kira shi. Ta karɓe shi a baranda, ta sa aka kawo masa ruwa.

"Malam Edward, zan faɗa maka gaskiya," ta ce. "Na ji haushinka. Ranar nan da ka durƙusa ka ce ba za ka iya ba, da ina da iko da na kore ka na kira wani. Na ma nemi lambar wani. Shi ya hana ni."

Edward ya sunkuyar da kai.

"Bai ce ka yi daidai ba. Cewa ya yi, in ba kai ba kada kowa ya taɓa jirgin. Ni kuma har yau ban sani ba ko ka yi daidai. Wani lokaci in ga kamar ka cece mu, wani lokaci in ga ka hana shi abu na ƙarshe da ya nema a duniya saboda abin da wataƙila ba zai faru ba. Na bar wa Allah."

"Ki yi haƙuri, Hajiya."

"Ba haƙuri na kira ka ka ba ni ba. Famfon ya zo?"

"Yana gida."

Ta ce 'ya'yan sun so a sayar da jirgin, ta ƙi. A tsibirin da aka haifi Alhaji, in mace ta sha wuyar naƙuda ko maciji ya sari mutum, da kwalekwalen hannu ake haye kogi da shi zuwa asibiti. Ta yi magana da dagacin, sun yarda za su kula da shi. Tana so a ƙarasa aikin.

Ya ƙarasa a yini guda. Ya kafa famfon dab da inji, ƙasa da bakin tanki kaɗan, da matatar mai a gabansa. Ya sa maɗauri biyu biyu a kowane bakin tiyo. Ya haɗa wayoyi biyun da suka yi watanni suna jira a naɗe. Aka ja tirela zuwa Jabi da safe, kafin masu shaƙatawa su cika wurin.

Hajiya ta zo, amma ta ce ba za ta shiga ba. Ta tsaya a bakin ruwa da mayafinta, hannuwa a harɗe. Edward ya sa rigar ceto, ya ɗaure ta tamau, ya shiga. Saleh ya ɗaga murfin inji ya cusa kansa ya shinshina, ya kunna fanka ya bar ta ta yi aikinta, ya sake shinshinawa. Sannan ya yi bismilla ya murɗa makulli. Injin ya yi tari, ya kama.

Suka nufi tsakiyar tafki a hankali. Edward ya durƙusa a gefen inji yana bin kowane bakin tiyo da farin ƙyalle, yana dubawa ko zai jiƙe. Bai jiƙe ba. Da suka yi nisa ya ce Saleh ya bar makulli a buɗe. Edward ya miƙa hannu ya shaƙe injin ta bakin iska har ya mutu. Ya ɗora tafinsa a kan famfon. Babu motsi, babu ƙara. Ruwa kawai ke bugun gefen jirgi. Daga nan suna hango Hajiya, ƙarama a bakin gaɓa, ba ta motsa daga inda suka bar ta ba. Edward ya cire hannunsa daga kan famfon ya share fuska da ƙyallen.

Da suka dawo Hajiya ta tambaya ko lafiya, don ta ji injin ya yi shiru. Saleh ya ce gwaji ne. Ta gyaɗa kai, ta shafa sunan da ke gefen jirgin, ta koma mota.

Jirgin ya tafi Yawuri a bayan babbar mota. Saleh ya bi shi da niyyar ya koya wa samarin tsibirin tuƙi ya dawo, amma bai dawo ba. Ya ce ya gaji da zagaya tafki da masu ɗaukar hoto, can ko ba komai ruwan yana tafiya. Yakan kira Edward jefi jefi. Wani lokaci labarin haihuwa ne, wani lokaci labarin wanda aka kai asibiti amma kwana ya ƙare. Akwai watannin da jirgin ke ɗaure saboda tsadar fetur. Sau ɗaya fiyus ya ƙone, samarin suka so su ɗaura waya a madadinsa, Saleh ya kira shi a gabansu. Edward ya ce kada a tayar sai an gano dalili. Suka bi wayar yana yi musu kwatance ta waya, suka tarar wani ƙarfen da aka ƙara don ɗora gadon marar lafiya ne ya goge ta.

Gidan Maitama an ba da shi haya, Hajiya ta koma Kaduna wurin babbar 'yarta. Da Kirsimeti takan aiko wa Lucia da atamfa. Ba su sake yin maganar da Edward ba.

Yanzu gashinsa ya yi fari, sai da tabarau yake bambance jar waya da ruwan ƙasa. Sababbin motoci da kwamfuta ake duba su, aikin rumfar ya ragu, yawanci tsofaffin tasi ne da motocin ɗaukar kaya. Promise ta gama karatun jinya tana aiki a Keffi. Sun fara gini a ƙauye, ya kai linta. Da ruwan farko na bana Lucia ta ɗaga kaskonta ta ba wata maƙwabciya, ta tafi gida ta yi shuka. Shi ya ce zai biyo ta in ya sallami motocin da ke hannunsa, amma kullum ya sallami ɗaya sai a turo wata.